Yadda Ake Zana Masoyan Cikin Littafi da Tawada, a Ɗora a Waya Ba Tare da Zanen Ya Dushe Ba

Duk wanda ya karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana da kamannin Sumayya da Muhammad a zuciyarsa, kuma kowa da irin nasa. Fito da wannan kamanni a takarda sha'awa ce da ke haɗa masu zane a duniya. Tun 2009 ma Jake Parker na Amurka ya fara Inktober, inda ake zane ɗaya da tawada kullum a watan Oktoba. Matsalar ita ce, sau da yawa zane yakan yi kyau a takarda, amma da an ɗauke shi da waya sai ya fito toka-toka. Ga yadda ake kauce wa haka.

Kayan aiki

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Fensir, magogi, baƙin biro da kwali mai kauri sun isa. Takardar A4 ta yau da kullum sirara ce, tawada mai ruwa tana ratsa ta. Mai hali zai iya neman alƙalamin Pigma Micron: lamba 01 don ido da gira, lamba 05 don layin jiki. Tawadar allo da alƙalamin gamba, waɗanda Katsina ta daɗe da sani, suna ba da layi mai kauri da siranta, sai dai ruwa na wanke ta.

Zanen kansa

1. A fara da fensir a hankali, domin tawada ba ta goguwa.
2. A zaɓi lokaci ɗaya daga labarin, kamar zance a ƙofar gida. A zanen soyayya ido ne ke magana: shi yana kallon ta, ita ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi riƙe hannu faɗin abin da ke zuci, kuma zanen zai shiga ko'ina ba kunya.
3. A yi inuwa da jerin siraran layuka. Inda ake son duhu, sai a gitta wasu a kansu.
4. A bayansu a sa abin gida, kamar Hasumiyar Gobarau ko zankon soro, da layi marar nauyi don kada ya danne fuskokin.
5. A bari tawada ta bushe sarai kafin a goge fensir.

Daga takarda zuwa waya

A goge gilashin kyamara tukuna, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. A shimfiɗa zanen a inuwa da rana, a kashe fitilar kyamara, a riƙe waya daidai saman takarda ba a karkace ba. Manhajar Google Drive tana da wurin sikanin takarda, kuma tana daidaita kusurwoyi da kanta.

Daga nan a buɗe hoton a Snapseed, a mayar da shi baƙi da fari, a ƙara haske har takarda ta yi fari fat, layuka su yi baƙi ƙirin. Kada a wuce gona da iri, don siraran layukan inuwa ne ke fara ɓacewa. Mai son sa launi zai iya shigar da hoton ibisPaint X, wadda ke ware layin zane daga takarda.

Kafin a wallafa

WhatsApp yana matse hoto, don haka a tura shi a matsayin fayil. A sa hannu da tawada a cikin zanen, kusa da jikin mutanen, inda ɓarawon fasaha ba zai iya yankewa ba.

A ambaci sunan littafin da marubucinsa. Idan za a buga zanen a riga ko a sayar, a nemi izini tukuna, domin labarin yana da mai shi. Kuma a guji aron fuskar jarumin Kannywood ko wata budurwa ta unguwa: Sumayya ta cikin littafi ba ta da dangin da za su ji kunya, amma mutum na gaskiya yana da su, kuma abin da ya hau intanet da wuya ya sauka.