Motar wasa ta koma kurar ruwa

A bayan wani gida na unguwar Birni, cikin Damagaram, akwai wata ƴar motar wasa da ta daɗe a yashe. Irin wadda yaro ke shiga ya zauna, ya riƙe sitiyari, ya taka feda. Ba ta da inji. Feda biyu ne ke tura sandunan ƙarfe gaba da baya, su kuma su juya tayoyin baya.

A Turai aka ƙera irin waɗannan motoci. A Biritaniya, daga 1949 zuwa 1971, an yi wata mai suna Austin J40 har fiye da 30.000. Masu ƙera ta tsoffin mahaƙa kwal ne waɗanda ƙura ta ɓata wa huhu, kuma da ragowar ƙarfen manyan motoci suke aiki. Ta unguwar Birni kuwa, tsatsa ta cinye sunanta.

A watan Afrilu rijiyar lambun makaranta ta ƙafe. Ƴan itatuwan bedi da gawo da yara suka shuka domin dashen ranar 3 ga Agusta suka soma yaushi. Famfo yana da nisa, ƙanana ba su iya ɗaukar ruwa a ka. Sai wani ɗan aji huɗu ya tuna da motar gidansu. Ya roƙi kakansa, ta ba shi. Shi da abokansa suka ja ta zuwa maƙera.

— Baba, wannan za ta gyaru?

Maƙeri bai amsa ba. Ya ɗauki ƴar guduma yana ƙwanƙwasa jikin motar. Inda ƙarfe ke da rai, sai ya yi ƙara. Inda ya mutu, sai ya ɓurme. Ƙasan mazauni duk ya ɓurme, amma ƙashin motar yana nan da ƙarfinsa.

— Za ta gyaru, yarana, amma ku za ku goge ta.

Mine ne tsatsa? In ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, sai ya rikiɗe ya zama jan gari. Wannan gari ba ya kāre ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Yana ɓarewa, danshi ya ƙara shiga, cin ya ci gaba. Gishiri yana ƙara masa sauri. Shi ya sa ƙarfe ke jure rani, amma damina ɗaya a waje ta fi shekara biyu a ɗaki ɓarna.

Yara suka so su shafa fenti nan take. Maƙeri ya hana. Fentin da aka shafa bisa tsatsa ba ya daɗewa, tare suke ɓarewa. Kwana huɗu suna kankara da burushin waya, suna gogewa da yashi da tsumma, har ƙarfe ya fito fes. Taya ɗaya ta ƙi motsi sam. Aka ɗiga mata kananzir safe da marece. A rana ta uku ta juya. Aka sa mata tsohon man inji.

Sannan maƙeri ya cire feda da ruɓaɓɓen mazauni. Ya ɗaura katako a wurin, ya liƙa mariƙi a baya. Aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, ya bushe, aka bi shi da shuɗi.

Yanzu motar tana ɗaukar bido biyu masu lita 20. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Yaro ɗaya ke turawa, wani na gefe yana riƙe da sitiyari. In za a koma famfo bido ba ruwa, ƴan aji ɗaya sukan yi gardamar wanda zai hau.

Tambayoyi

Don mi maƙeri ya hana a shafa fenti tun farko?

In motar ta je famfo sau 5, kilo nawa na ruwa ta kawo lambu?