Tsattsewa mai kai labari

Darasinmu na yau kan gidan labarai mai zaman kansa ne. Gidan labarai wuri ne inda ƴan jarida ke tattara labari, su tantance shi, su rubuta, sannan su aika wa gidajen radiyo da jaridu. In an ce mai zaman kansa, ana nuhin ba gwamnati ke juya shi ba, ba jam'iyya ba, kuma babu wani mai kuɗi da zai ce masa: faɗi wannan, ɓoye wancan. Don mu gane amfanin irin wannan gida, bari mu tahi ƙasar Ruwanda.

Radiyon da ya taya kisa

Ruwanda ƴar ƙaramar ƙasa ce mai tuddai a tsakiyar Afrika. Manyan al'ummominta biyu ne, Hutu da Tutsi. Harshensu ɗaya, ƙauyukansu ɗaya, har auratayya suna yi.

A shekarar 1993 aka buɗe wani gidan radiyo a Kigali, babban birnin ƙasar. Ana ce masa RTLM. Cikin sunansa har da kalmar "mai ƴanci", amma masu shi na kusa da masu mulki ne. Yana sa kiɗi mai daɗi, yana ban dariya, samari suka so shi. Cikin wasa da dariyar nan yake zagin Tutsi, yana ce masu kyankyasai.

Ran 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin shugaban ƙasa, ya mutu. Nan take kisa ya tashi. Cikin kamar kwana 100 aka kashe mutum wajen 800.000, galibinsu Tutsi, har da Hutun da suka ƙi sa hannu. Radiyon nan ya riƙa karanta sunayen mutane, yana faɗin inda suka ɓuya. Masu adda suna saurare, suna bi. Kun ga ashe baki ma makami ne.

Ƴar tsattsewa

Jama'a da yawa suka gudu zuwa ƙasar Zayir, wadda yau ake ce wa Kongo. A sansani babu abinci isasshe, babu ruwa mai kyau, kuma babu labarin gaskiya, sai jita-jita. A 1994 ɗin nan, wasu ƴan jarida na ƙasar Suwis suka kafa radiyo a garin Bukabu, kusa da iyaka. Suka sa masa suna Agatashya, wato ƴar tsattsewa da harshen Ruwanda. Aikinsa shi ne faɗa wa ƴan gudun hijira abin da zai amfane su: zancen ruwa da magani, da neman dangin da suka ɓace. A 1996 yaƙi ya iso garin, radiyon ya tsaya.

Amma aikin bai mutu ba. Tun 1995 mutanen nan suka kafa ƙungiya a ƙasar Suwis, suka kira ta Hirondelle. Shi ma tsattsewa ke nan da Faransanci.

Gidan labarai a bakin kotu

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kotu ta musamman don hukunta manyan masu laihin kisan. An ajiye kotun a garin Arusha, ƙasar Tanzaniya. To, ga wuya: waɗanda aka kashe wa dangi suna Ruwanda, shari'a kuwa tana wata ƙasa. Gwauruwar da ke ƙauye ba ta da kuɗin mota. Yaya za ta san an kama wanda ya sa aka kashe mijinta? Yaya za ta san abin da alƙalai suka ce?

Sai Hirondelle ta buɗe gidan labarai a Arusha. Ƴan jaridarta su shiga kotu, su zauna, su saurara, su rubuta. Suna hitar da labarin da Faransanci, da Ingilishi, da Suwahili, da harshen Ruwanda. Jaridu da gidajen radiyo su ɗauka su watsa. Haka suka yi shekara da shekaru.

Ku lura da yadda ake irin wannan aiki. In mai gabatar da ƙara ya yi magana, a rubuta. In lauyan wanda ake tuhuma ya mai da amsa, ita ma a rubuta. Ba a ce wa mutum mai laihi sai alƙali ya yanke. Shaidu da yawa suna tsoron a rama a kansu, shi ya sa kotu ke ɓoye sunayensu, tana kiran su da haruffa. Ɗan jarida na kirki ba ya tona sunan, ko ya sani.

A 1998 kotu ta kama Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba, da laihin kisan ƙare dangi. A shekarar nan Jean Kambanda, wanda ya riƙe faraminista lokacin kisan, ya amsa laihinsa, aka yi masa ɗaurin rai da rai. A 2003 aka hukunta biyu daga cikin manyan RTLM, tare da mai wata jarida da ta riƙa hura wutar gaba. Laihinsu da baki da alƙalami suka yi shi. Akwai kuma mutum 14 da kotu ta wanke, su ma an ba da labarinsu. A ƙarshen 2015 aka ruhe kotun.

Ina ruwanmu?

Ƙungiyar nan ta iso har ƙasarmu. A 2016 ta buɗe Studio Kalangou a Yamai, aka fara shirya labarai da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Faransanci, ana aika wa gidajen radiyo na cikin ƙasa.

Dokar duniya ta haƙƙin ɗan Adam, ta 1948, ta ce kowane mutum yana da ikon neman labari, ya ji, ya kuma faɗi ra'ayinsa. Saboda haka ƴancin ɗan jarida haƙƙinka ne kai ma. Ran da aka toshe bakinsa, kunnenka aka toshe. Amma Ruwanda ta koya muna kada suna ya ruɗe mu. Gidan da ya ce shi mai ƴanci ne, a aikinsa ake gane shi.

Yau labari na shigowa ta radiyo, ta salula, ta WhatsApp. Kahin ka kai shi gaba, ɗan uwa, ƴar uwa, ka tambayi kanka abu ukku. Wa ya faɗa, ya gani da idonsa ne ko ji ya yi? An ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Labarin yana gaya mani abin da ya faru ne, ko yana zuga ni in tsani wata ƙabila? Tun da yanzu kun iya karatu, kuna iya duba labari sau biyu, ku auna shi da kanku.

Sababbin kalmomi

Tantancewa: binciken magana don a san gaskiya ce ko ƙarya.
Kisan ƙare dangi: kashe mutane da niyyar a shafe al'ummarsu.
Tuhuma: zargin da kotu ba ta riga ta tabbatar ba.

Tambayoyi

1. Mine ne RTLM ya yi a 1994?
2. Don mi aka buɗe gidan labarai a Arusha?
3. Don mi ake ɓoye sunan shaidu?
4. Waɗanne tambayoyi ukku za mu yi wa labari?

Aiki

Kowa ya rubuta labari ɗaya da ya ji a kasuwa wannan mako, cikin layi huɗu. A ƙasa ya rubuta bakin wanda ya ji shi, da inda shi wancan ya samo.