Ingilishi a bakin kowa

1. Harshe na uku

Yara, a ajinmu muna karatu da harshe biyu, Hausa da Faransanci. Idan kuka shiga kwalej, za ku tarar da na uku yana jiranku. Shi ne Ingilishi.

Ingilishi ba baƙo ba ne ƙwarai a wurinmu. Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1500. Mutumin Maraɗi ya kan bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya shiga Katsina. Na Damagaram ya kan bi ta Matamaye ya isa Daura da Kano. Na Tawa kuwa ya bi ta Birnin Ƙonni da Illela ya sauka Sakkwato. A kasuwannin can da Hausa a ke ciniki. Amma takardun ofis da allunan hanya da rubutun kwalin magani, da Ingilishi a ke yin su. A shekara ta 2025 kuma, babbar takardar dokar ƙasarmu ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki.

Ko yanzu ma kun san Ingilishi kaɗan. Mota, direba, bokiti, tebur, asibiti: duk daga Ingilishi Hausa ta aro su.

2. Mu yi lissafi

Ba a koyon noma da kallon manomi. Sai an kama hauya. Haka harshe ya ke: da baki a ke koyonsa.

To, mu yi lissafi. A ce aji yana da ɗalibi 60, darasi kuma minti 60 ne. Malam ya yi bayani, ya yi rubutu a allo, minti 30 sun tafi. Saura 30. Idan aka raba su daidai, kowane ɗalibi ya samu rabin minti. Kuma ba a raba su daidai. Masu ƙarfin hali biyar ko shida su ke ɗaga hannu kullum. Mai kunya da na bencin baya su kan yi sati ba su ce uffan ba. Ranar da suka tsaya gaban mai jin Ingilishi, sai baki ya mutu, ko da kayensu cike ya ke da rubutu.

Wannan ita ce matsalar. Darasinmu na yau zai nuna yadda na'urorin intanet ke taimakon malam ya buɗe bakin kowa.

3. Akwatin da ba ya saurare

Tun da daɗewa a ke koyar da harshe da na'ura. A shekara ta 1943, gidan rediyon BBC na Ingila ya soma koyar da Ingilishi ta rediyo. A 1959, Muryar Amurka ta soma karanta labarai da Ingilishi mai sauƙi, a hankali, da kalmomi wajen 1500 kawai. A nan Nijar ma, a 1964 aka soma koyar da yara ta talbijin a Yamai, da Faransanci.

Waɗannan akwatuna sun yi amfani. Amma suna da aibi guda: su na magana, ba su saurare. Idan yaro ya amsa daidai, akwati bai sani ba. Idan ya yi kuskure, akwati ya wuce abinsa.

Intanet dabam ta ke. Hanya ce da ta haɗa kwamfutoci da saluloli na duniya. Kamar guga ta ke a rijiya: ta tafi, ta komo. Ɗalibi ya aika amsa, nan take a ce mishi ya yi daidai ko bai yi ba. Ga hanyoyi huɗu da malamai ke amfani da ita.

4. Hanya ta farko: gyaran kunne

Ingilishi yana da baƙaƙe 26, amma sautukansa sun kai wajen 44. Saboda haka rubutu kaɗai ba ya nuna yadda a ke faɗin kalma. A ƙamus na intanet, kamar na Cambridge, kowace kalma tana da ɗan hoton lasifika a gefenta. In an taɓa shi, sai a ji kalmar da muryar mutumin Ingila ko ta mutumin Amurka. Ko sau goma aka taɓa, ba ya gajiya.

Malam ya kan zaɓi kalmomi biyu masu kama da juna. Ga «ship», watau jirgin ruwa. Ga «sheep», watau tunkiya. Ya sa ɗaya, ƴan aji su nuna hoton abin da suka ji. Wannan ba zai wahalar da ku ba, don kunnen Bahaushe ya saba. Ku faɗi «gari» da mutane ke zaune ciki. Ku faɗi «gari» na tuwo. Na farko gajere ne, na biyu da ja.

Inda mu ke tuntuɓe shi ne «p» da «f», don Hausa ba ta raba su ba. «Pan» kaskon suya ne, «fan» kuwa fanka ce. Ku riƙe ƴar takarda gaban bakinku. In kun ce «pan», leɓɓa su haɗu su buɗe, takarda ta yi tsalle. In kun ce «fan», haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita sannu.

Faransanci ma ya kan ruɗe mu. Ku dubi kalmar «chat». Da Faransanci kyanwa ce, «ch» ɗinta kamar «sh» na «shanu». Da Ingilishi hira ce, «ch» ɗinta kamar «c» na «ciki». Ido ba ya ganin bambancin. Kunne ke jin shi.

5. Hanya ta biyu: kowa ya amsa

In malam ya yi tambaya, mutum guda ke amsawa, sauran su yi shiru. Akwai wasannin intanet da ke sa aji duka ya amsa tare. Ɗaya sunansa Kahoot. Daga ƙasar Norwe ya fito, a 2013. Tambaya ta fito da amsa huɗu, kowace da launinta. Kowane gungun ɗalibai ya zaɓi ɗaya a salula. Wanda ya amsa daidai, da sauri, ya fi samun maki.

Amma ina salula ga kowa? Akwai wata dabara mai suna Plickers. Ita salular malam kawai ta ke so. Kowane ɗalibi a ba shi takarda mai baƙin zane, mai gefe huɗu: A, B, C, D. Zanen kowa dabam ne. Malam ya rubuta a allo: «She ... to school every day». Ya ba da amsa huɗu: «go», «goes», «going», «gone». Kowa ya juya takardarsa, harafin da ya zaɓa ya koma sama, ya ɗaga. Malam ya bi aji da idon salula, daga dama zuwa hagu. Nan da nan ya ga amsar kowa.

A ce 40 sun zaɓi «goes», 20 sun zaɓi «go». Malam ya gane mutum 20 ba su riƙe ƙa'idar ba tukuna. Sai ya sake bayani tun ba a wuce wurin ba. Haruffan takardar ƙanana ne, maƙwabci ba ya ganin su. Don haka ba satar amsa, ba kuma wanda za a yi wa dariya.

6. Hanya ta uku: jin muryar kai

Mutum ba ya jin kuskurensa sa'ad da ya ke magana. Sai an ɗauki muryarsa an sa mishi. Kowace salula ta zamani tana ɗaukar murya. Tun 2013 kuma a ke aika saƙon murya ta WhatsApp.

Malam ya kan raba aji biyu biyu. Ɗaya mai tumatir ne, ɗaya mai saye. Su yi cinikinsu da Ingilishi: gaisuwa, tambayar kuɗi, neman ragi, ban kwana. Dukan aji na magana a lokaci guda. Ku sake lissafin ɗazu: yanzu a cikin minti 10, kowa ya samu minti 5. Malam yana zagayawa, yana ɗaukar muryar wasu. A saurara tare, a gyara, a sake. Wanda ya fi kyau, malam ya aika wa wani aji a wani gari. Su ma su aiko da nasu, da tambayoyi. Mai magana ya fi kula da bakinsa in ya san akwai mai jiran saƙonsa.

Akwai kuma Duolingo, wanda aka buɗe wa jama'a a Amurka a 2012. Yana ba da ƙananan darussa na ƴan mintoci. Ya kan ce ka faɗi jimla, ya saurara, ya nuna ko ta fita. Yana da darussan Ingilishi don masu jin Faransanci. Kun ga ke nan Faransancin da ku ke koyo yau gada ce zuwa gobe.

7. Hanya ta huɗu: maganin mantuwa

Kalmar da aka koya yau, in ba a waiwaye ta ba, jibi ta gudu. A shekara ta 2005, wani ɗalibi a Kalifoniya ta Amurka, mai suna Andrew Sutherland, ya rasa yadda zai riƙe kalmomin Faransanci da aka ba shi. Shekararsa 15. Sai ya shirya wa kansa wata dabara a kwamfuta. Ita ce ta zama Quizlet.

Aikinta mai sauƙi ne. Kalma a fuska guda, ma'anarta a baya. Ka gani, ka faɗa, ka juya. Wadda ka sani ta koma gefe. Wadda ta kuɓuce maka ta yi ta dawowa har ta zauna. Gara minti 10 kullum da awa biyu daren jarrabawa. Sannu ba ta hana zuwa.

8. Hattara

Wuƙa tana yanka nama, tana kuma yanka hannu. Ku riƙe abu huɗu.

Na ɗaya: tun 2013 Google Translate ke juya Hausa zuwa Ingilishi. Yana taimako, amma ya kan yi kuskure. In ka rubuta mishi «gari» kaɗai, ina zai san ko na zama ne ko na tuwo? Wanda kuma ya ba na'ura aikin gida ta yi mishi, kamar wanda ya aiki wani ya ci mishi tuwo ne. Da yunwarsa zai kwana.

Na biyu: kada ku ba wanda ba ku sani ba sunanku, ko hotonku, ko kwatancen gidanku. In kun ga abin da bai dace ba, ku faɗa wa malam ko iyayenku.

Na uku: rezo ya kan yanke, batir ya kan mutu, kuma intanet da kuɗi a ke saye. Malam mai dabara ya kan sauke muryoyin a salula tun yana inda rezo ke da ƙarfi. In babu komi, kwalin sukari ya isa a yanka katunan kalmomi. Cinikin tumatir kuwa ba ya bukatar batir.

Na huɗu: in salula guda ce a aji, ta kowa ce. Mata da maza, na gaba da na baya, kowa da lokacinsa.

In darasi ya ƙare, ga ma'auni: wa ya fi magana, ɗalibai ko na'ura? In na'ura ce, an koma zamanin akwatin da ba ya saurare. In ɗalibai ne, darasi ya yi kyau.

Mu riƙe

Da baki a ke koyon harshe. Amfanin na'ura shi ne ta sa kowa ya ji, kowa ya amsa, kowa ya faɗa. Ba ta maye malam, ba ta maye abokin hira.

Ma'anar kalmomi

Intanet: hanyar da ta haɗa kwamfutoci da saluloli na duniya.
Rezo: igiyar iska da ke kai magana da saƙo ga salula.
Ƙamus: littafin da ke ba da ma'anar kalmomi.
Lasifika: abin da ke fitar da murya daga na'ura.
Sauke: ɗauko abu daga intanet a aje shi cikin salula.

Tambayoyi

1. Waɗanne harsuna ne harsunan aiki a Nijar tun 2025?
2. Ta ina mutumin Tawa ke bi ya je Sakkwato?
3. Mene ne aibin rediyo da talbijin wajen koyar da harshe?
4. Mene ne bambancin «ship» da «sheep»? Kawo misali irinsa da Hausa.
5. Salula nawa a ke bukata don yin Plickers? Don me haruffan takardar su ke ƙanana?
6. Don me bai kamata na'ura ta yi maka aikin gida ba?

Aiki

1. Ku ƙidaya ƴan ajinku. In an ba ku minti 30 ku raba daidai, nawa kowa zai samu? In kun zauna biyu biyu fa?
2. Ku tambayi wani direba ko ɗan kasuwa kalmomi biyar da Hausa ta aro daga Ingilishi, da biyar da ta aro daga Faransanci. Ku rubuta su a kaye.
3. Ku yanka kati goma. A fuska ku zana abu, a baya ku rubuta sunansa da Hausa da Faransanci. Ku bar wuri ƙasa. Malam zai faɗa muku sunan da Ingilishi, ku maimaita sau uku, kana ku rubuta.