Korona Ta Lafa, Ba Ta Tafi Ba

A aikinmu na sa ido kan cututtuka, babu lokacin da ya fi tayar mini da hankali kamar makonnin da alƙaluma suke sauka. A lokacin ne ake cire takunkumi, a cika wuraren biki, mai tari ya daina zuwa gwaji. In muka kira waɗanda suka yi mu'amala da mai cutar, sai a ce mana, “Haba malam, ai korona ta tafi.”

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas, a watan Afrilu ta iso Kano. Ta lafa, sai ta dawo a Disamban shekarar, ta fi zagayen farko yawan kamu. A Yulin 2021 nau'in Delta ya shigo, a Disamba kuma Omicron ya kawo zagaye na huɗu.

Abin da nake so jama'a su fahimta shi ne, adadin da ake sanarwa yau labarin makonni biyu ko uku da suka wuce ne. Mutum zai kamu, ya yi kwanaki yana harkokinsa ba ya jin komai, alhali ya fara yaɗa ta. Zazzaɓi ya zo, ya ce maleriya ce, ya sayi magani a kemis. Sai numfashi ya fara gagara sannan a ɗauko shi zuwa asibiti, sannan a yi gwaji, sannan sunansa ya iso teburina. Kafin nan ya riga ya ba mutanen gidansa da abokan sahunsa a masallaci. Kano ta ɗanɗana wannan a Afrilun 2020, lokacin da masu haƙa kabari suka riga kowa cewa gawarwaki sun yi yawa. Daga baya ministan lafiya ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen nan na iya zama na korona. Dattawa ne akasarinsu, malamai da iyayen gari, kuma har yau rashinsu yana damuna.

Me ke dawo da korona? Mutane suna gajiya da kiyayewa, kuma ban ga laifin wanda sai ya fita zai ci ba. Garkuwar jiki tana raguwa bayan watanni. Ita kanta ƙwayar cutar tana sauya kama muddin tana samun jikin da za ta hayayyafa a ciki. Ga tafiye-tafiyen ƙarshen shekara, ga hunturu da ake rufe tagogi a kwana a cunkushe. Kamar wutar da toka ta rufe take, iska kaɗan take jira. Kakanninmu sun ga irinta a annobar Marisuwa ta 1918, wadda zagayenta na biyu ya fi kisa a duniya.

Lokacin lafawa shi ne na shiri: tanadin iskar oksijin, horar da ma'aikata, yin rigakafi. Nan muka yi sakaci. Alluran farko, kusan miliyan 4, sun sauka a Abuja a Maris na 2021, amma ji-ta-ji-ta ta hana mutane da yawa miƙa hannu. A Disamban shekarar, ana tsakiyar Omicron, an lalata allurai sama da miliyan 1 da wa'adinsu ya ƙare, yawancinsu ma an kawo mana su ne dab da ƙarewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a Mayun 2023, amma ƙwayar tana nan tana yawo. Roƙona ga masu tsofaffi a gida, musamman masu ciwon suga ko hawan jini: in tari da zazzaɓi suka haɗu da sarƙewar numfashi, a kai su asibiti a ranar. In kuma kun ga gida biyu ko uku a unguwa sun kwanta da ciwo iri ɗaya, ku shaida wa mai unguwa da asibiti mafi kusa, su za su kira mu.