In An Ce Maka Zamanin Fim Ya Wuce

Duk mai yawo da kyamarar fim sai wata rana wanda bai sani ba ya tare shi: "Malam, har yanzu? Ga waya a aljihunka!" Kada ka ɗau zafi. Yawanci mamaki ne ke sa su magana, kuma akwai gaskiya a bakinsu: fim ya yi tsada, masu wankinsa sun yi ƙaranci, dijital ta fi sauri. Ka fara amsa musu wannan, shi ke kashe gardama.

Sannan ka faɗi dalilinka a taƙaice. Naɗi ɗaya na 35mm hoto 36 yake ɗauka, wani 24, don haka kafin ka danna sai ka duba haske, ka jira fuska ta natsu. In akwai nigatif a jakarka, ɗaga shi sama mai tambayar ya ga yadda farar riga ta koma baƙa. Na fi yarda da wannan a kan dogon bayani.

In ya ce ai an daina yin fim, gaya masa kamfanin Kodak ya dakatar da fim ɗin Kodachrome a 2009, amma ya dawo da na Ektachrome a 2018, kamfanin Ilford kuma yana yin fim ɗin baƙi da fari a Ingila har yau. Fim ɗin sinima na Oppenheimer na 2023 ma a kan fim aka ɗauke shi.

Roƙona ɗaya: kada ka rama da kushe dijital. Mai hoton biki da amarya ke jiran hotunanta gobe da safe yana da hujjarsa. Wanda kuwa rigima ta kawo shi, ka yi masa sallama ka ci gaba da aikinka.