Zan sayar da bindigata a Texas, sai na rubuta takarda?

Tambaya: Ina zaune a Texas ta Amurka. Abokin aikina na son sayen ƙaramar bindigata, ya ce tunda mun san juna ba sai an yi rubutu ba. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ta fuskar doka abokinka bai yi ƙarya ba. Dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta wa wanda ba dillali ba ya ajiye takarda in ya sayar wa mazaunin jiharsu, Texas ma ba ta tilasta ba. Da a Kalifoniya kake, dole cinikin ya bi ta hannun dillali mai lasisi. Amma ni dai shawarata, ka rubuta.

Ga dalili. In aka tsinci bindiga a inda aka yi ta'asa, hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi kan bi lambar da ke jikinta: daga kamfanin da ya ƙera ta zuwa babban dillali, daga nan zuwa shagon da ya sayar. Mai shago ya buɗe fom mai lamba 4473 da mai saye na farko ya cike. Tun 1986 doka ta hana gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga, saboda haka sawun yakan tsaya a kan sunan da ke fom ɗin. In kai ka saye ta a shago, ƙofarka za a ƙwanƙwasa, ko da bindigar ta sauya hannu sau uku. Ranar nan, "na sayar wa wani abokin aikina" ba zai fisshe ka da wuri ba.

Takardar ba ta da wuya. Ka sa kwanan wata, kamfani da samfuri, lambar bindigar, kuɗin da aka biya da sunayenku. Ka ga lasisin tuƙinsa da idonka, don sayar wa mazaunin wata jiha kai tsaye laifi ne. Ya sa hannu cewa doka ba ta hana shi riƙe makami ba. Kowa ya riƙe kwafi.

Sai dai takarda ba ta wanke wanda ya san mai sayen tsohon mai babban laifi ne. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ku je shagon dillali, ku biya ɗan lada a binciki tarihinsa. In ya ƙi zuwa, ka fasa cinikin.