Yadda ake dasa lalle a gefen garka

Masu garka a kwarin Maggiya da manoman albasar Galmi sun saba da shukar da ke neman ruwa kullum, kuma wannan sabo ne ke kashe musu lalle. Lalle ɗan zafi ne. Garin Sojat na Indiya, wanda ya yi suna a duniya wajen nomansa, ƙasa ce mai ƙarancin ruwa irin tamu. Don haka duk aikin ya rataya a kan abu ɗaya: a ba shi rana, a rage masa ruwa.

A fara da reshe, domin irin lalle ƙanana ne masu taurin ɓawo, sai an jiƙa su kwanaki kafin su tsiro. A samu lafiyayyen lalle a yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 25 zuwa 30, a tsige ganyen ƙasa, a soka rabinsa cikin ƙasa mai yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. In shinge ake so, a bar rabin mita tsakanin kowane biyu. Wanda garkarsa ke cikin lakar fadamar Konni ya ɗaga kunya ya dasa a kanta, domin saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. A riƙa ba shi ruwa bayan kwana biyu ko uku har sabon ganye ya fito, daga nan sau ɗaya a mako ya isa. A kewaye shi da ƙaya, awaki ba sa barin ɗanyen toho.

Mutumin Illela da ke kan tudu zai ce zafin Afrilu ya wuce digiri 40, ta yaya za a hana shuka ruwa? Gaskiyarsa a shekarar farko, kafin saiwa ta nutsa. A lokacin a ci gaba da ban ruwan mako-mako, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye, amma kada ta taɓa gindin, saboda gara. Bayan haka lalle na jure fari sosai. Haka in ya zubar da wani ganye a tsakiyar hunturu, sanyi ne ya taɓa shi, kuma ƙara masa ruwa a lokacin cutarwa ce.

Sai batun sassabe, inda da yawa ke asarar ƙamshin fure. Furen lalle a kan rassa yake fitowa, tuli-tuli, fari, ƙamshinsa na cika gida da yamma. Wanda ke aske shingen gaba ɗaya don ganyen ƙunshi ba zai ga fure ba. A ware gindi biyu ko uku kusa da inda ake zama a bar su su yi fure, sauran a yanke su bayan damina, a shanya ganyen a inuwa don ya riƙe korensa da ƙarfin kamu.